Ranar da Pak Harjito Ya Shanya Tsaka

Pak Harjito ya rungumo akwatin gilashin daga ɗakin baƙi, yana tafiya a karkace saboda tumbinsa da akwatin sun haɗu sun hana shi ganin ƙafafunsa. Ya fito da shi tsakar gida, ya ɗora a kan bencin siminti, daidai inda ranar safe ke fara sauka. Kurciyoyinsa tuni suna can sama a kan dogayen sandunansu, kowacce a kejinta, suna shan hantsi suna kuka. Ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya leƙa cikin akwatin.

"To, Jahe, sha ki more. Wannan maganin kyauta ne."

Jahe tsaka ce. Ba irin wadda ke yawo a bangon kowane gida a birnin Semarang tana cin sauro ba tare da an roƙe ta ba. Wannan sayo ta aka yi daga hannun masu kiwonsu, abin da har yau Pak Harjito bai gama yafe wa zamani ba. Launinta na ɗanyar citta ne, kanta da faɗi, ga wani ɗan tukku da ya taso daga saman idanunta ya bi gadon baya, sai ka rantse gashin ido aka manna mata. Ba ta ƙiftawa, sai dai ta zaro harshe ta lashe ƙwayar idonta. Ta 'yarsa ce, Lintang, wadda ta kawo ta ajiya shekaranjiya za su tafi Kudus, wani gari da ke kusa da Semarang, ita da mijinta, su kai jaririyarsu Gendis wajen dangin uba.

Ajiyar kuwa ba ƙaramar ajiya ba ce. Ƙarshen watan nan hutun haihuwar Lintang zai ƙare ta koma bankin da take aiki, kuma har yanzu ba ta faɗi inda za ta riƙa barin Gendis da rana ba. Ko gidan iyayenta, da ke kusa da bankin, ko gidan renon yara da ke unguwarsu, can wancan ƙarshen gari. Pak Harjito ya riga ya yi wa ɗaki fenti, ya sayo gadon jariri, ya gaya wa duk wanda ke sahun gaba a masallaci cewa jikarsa a hannunsa za ta girma. Tunda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa bai taɓa son wani abu kamar yadda yake son wannan ba. In kuwa gidan reno ya yi nasara, to sai dai ya riƙa ganin yarinyar a waya, don Lintang sai an yi sa'a take leƙo su sau ɗaya a wata.

Ƙorafin Lintang a kan mahaifinta ɗaya ne tun tana 'yar makaranta: in an ba shi umarni sai ya ƙara nasa. Shi ya sa ranar da ta kawo akwatin ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi ido cikin ido.

"Feshin ruwa da yamma, abinci ƙaramin cokali ɗaya. Kar a fito da ita daga ɗakin, kar a taɓa ta. Pak, don Allah kar ka ƙara komai naka."

Shi da ita duk sun san ba maganar tsaka kaɗai ake yi ba.

Kwana biyu ya bi doka sau da ƙafa, har matarsa, Bu Sumirah, ta ce ko ba shi da lafiya ne. Amma yau da safe ya tarar da Jahe a ƙasan akwatin, ba ta manne da gilashi ba, ƙafafunta na baya suna ɗan rawa. A iya sanin Pak Harjito, duk mai rai da ya kwanta yana rawar jiki sanyi ne ya kama shi, kuma ɗakin baƙin fanka ke juyawa a cikinsa dare da rana. Maganin sanyi kuwa ba ɓoyayye ba ne. A garin nan ana shanya jariri da hantsi, ana shanya mai jinya, ana shanya kurciya da katifa. Ita kanta Lintang a kan wannan bencin ya shanya ta, ga ta nan ta zama ma'aikaciyar banki. A ganinsa wannan ba ƙari ba ne, taimakon gaggawa ne.

Yana nan tsaye sai maƙwabcinsa, Pak Kasmuri, ya leƙo ta saman katanga.

"Mas, ɗan'uwana, zo ka ji muryar sabuwar kurciyata, ka san cewa waɗancan naka tari suke yi."

"Wadda ka sayo jiya? Na ji ta. Na ɗauka ƙofar banɗakinku ce ke neman mai."

Ya ce bari ya leƙa ya dawo yanzu. Sai dai hirar kurciya ba ta san yanzu ba. Aka saurari kuka, aka yi gardama, aka kawo shayi, aka tono gasar da aka yi wa Pak Kasmuri rashin adalci tun kafin gashinsa ya yi fari. Rana ta tashi daga hantsi ta koma irin ranar Semarang ta gaske, wadda ke sa kwalta laushi. Muryar Bu Sumirah ce ta dawo da shi.

"Pak, zo ka ga baƙuwarka. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana."

Gilashin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Jahe ta yi fari fat, tana kwance a gefe ɗaya, baki a hangame, maƙogwaronta yana bugawa da sauri. Pak Harjito ya zura hannu ya cafko abin da ya fara samu, ya ɗago. Abin da ya ɗago ɗin wutsiya ce kaɗai, tana mutsu-mutsu tsakanin yatsunsa, Jahe kuwa tana nan inda take.

"Innalillahi," in ji Bu Sumirah a hankali. "Ka shanya ta, ka kuma raba ta biyu. Saura gishiri."

"Bu, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ke wasa? Bari in ɗauko man zafi a shafa mata a ciki."

"Kar ki ƙara komai naki," ya ce, kuma sai da maganar ta fita ya ji daga bakin wa ya aro ta.

Ya ɗauko robar da suke zuba shinkafa, ya huhhuda murfin, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ya kwantar da Jahe da tafin hannu biyu. Wutsiyar kuma ya sa a leda da ƙanƙara ya ƙulle, don ya taɓa gani an yi wa wani makaniki haka da yatsarsa ta guntule. Pak Kasmuri ya zagayo yana kallo, hannu a baya.

"Kai ma dai. Wutsiyar tsaka ai tsirowa take yi. Ta kicin ɗinmu ma jikana ya sha cire mata, tana nan da sabuwa. Kuma in ta mutu mene ne? Ka je kasuwar tsuntsaye, akwai masu irinta. Ka zaɓo mai kalar citta ka zuba a akwati. Tsaka ai tsaka ce."

Pak Harjito ya cusa robar cikin rigarsa ta sama, ya kifa hular kwano, ya tayar da babur. Amma maganar ta hau bayan babur ɗin ta bi shi har mararraba, inda hagu ke zuwa kasuwar tsuntsaye, dama kuma asibitin dabbobi. Danja ta tsayar da shi, ya samu sararin yin tunanin da bai kamata ba. Gaskiya ya so ya yi hagu. Abu biyu suka hana shi: Lintang ta san kowane ɗigo da ke bayan dabbar nan, sannan ya ji wani ɗan motsi a cikin robar, daidai kan cibiyarsa. Da aka ba da hannu ya karya dama.

A ɗakin jira mutane ne da kyanwoyi masu gashi buzu-buzu, da wani saurayi rungume da zomo. Wata mata da ke kusa da shi ta tambayi abin da ya kawo, ya ɗaga murfin robar kaɗan. Ta janye kwandon kyanwarta zuwa ɗaya gefen.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Lintang ba, sunanta Yosefin. Ta karɓi robar, ta duba, ta tambaye shi abin da ya faru. Ya faɗa mata, yana rage wasu wuraren, musamman shayin.

"Ka shanya ta," ta maimaita. "A cikin gilashi."

"Da hantsi ne, Likita. Hantsin ne ya wuce wuri."

"Pak, irin waɗannan a inuwar daji suke, da dare suke fita. Zafin ɗakinmu ma da ƙyar suke jurewa. Wannan ledar fa?"

"Wutsiyar ce. Na ce ko za a iya ɗinkewa."

Likita Yosefin ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a kan kanta, kafaɗunta suna motsi. Da ta juyo ta gaya masa cewa ba a ɗinkewa, kuma wannan jinsin ba kamar tsakar bango ba ne, in ta yar da wutsiya ta yar ke nan har abada. Za ta rayu lafiya lau a haka, sai dai ta koma kamar kwaɗo. Pak Harjito ya ji gadon jaririn da ya saya yana yin nisa da shi.

Ta fesa wa Jahe ruwa kaɗan-kaɗan, ta ɗiga mata wani a gefen baki, har harshen ya fito ya lasa. Launin citta ya fara dawowa. Sai kuma likitar ta daina murmushi. Ta taɓa muƙamuƙin dabbar da ɗan yatsa, ta miƙar da ƙafar baya, ta bi ƙashin bayan a hankali.

"Me take ci?"

"Ayaba da aka dama. 'Yata ce ta kawo a kwalba."

"Ayaba kaɗai? Ba garin abincinsu, ba ƙwari?"

"Abin da aka ba ni ke nan."

"Taɓa nan ka ji." Ya taɓa. Haɓar ta lotsa kamar dafaffen dankali. "Wannan ba aikin ranar yau ba ne, Pak. Ƙashinta ne ya yi laushi, don ba ta samun sinadarin da ke ƙarfafa shi. Ya kai wata uku ana haka. Rawar da ka gani da safe ita ce, ba sanyi ba. Rana ta kusa kashe ta, ban wanke ka ba. Amma da ba a kawo ta ba, ko a inuwa take da wuya ta ga ƙarshen wata mai zuwa."

Bai kamata dattijo ya yi murna da jin ciwon wata halitta ba, amma Pak Harjito ya yi murna, bakinsa kuwa har kunne. Ya sa likitar ta maimaita. Ta haɗa masa maganin ruwa da ɗan sirinji marar allura, da garin abincin da ake damawa, ta nuna masa yadda zai ɗiga a gefen baki kullum, ta ce a cire rassan da ke akwatin kar ta hau ta faɗo ta karye. In an kula, wata biyu za ta miƙe. Ya bar mata wutsiyar ta yi yadda ta ga dama da ita.

A hanyar gida yana tuƙi yana tsara jawabin da zai yi wa Lintang. Zai fara da amsa laifinsa, a taƙaice, don a ga adalcinsa. Daga nan ya gyara murya ya ce, to amma Nduk, 'yata, likita ta ce wani abu. Zai nuna mata haɓar. Zai ce masu karatu ma suna kuskure, kuma da ba don tsohon da ba ya jin magana ba, da yanzu wani zancen ake yi. Har ya zaɓi wurin da zai yi shiru don maganar ta shiga. Mai sayar da rake a bakin titi ya ga wani dattijo a kan babur yana ɗaga yatsa yana yi wa iska bayani.

Ya zayyana wa Bu Sumirah komai tun kafin ya cire hular kwano. Ta saurara tana yanka tempe, wainar waken soya, ba ta ɗago ba.

"To madalla. Sai ka gaya mata."

"Zan gaya mata mana. Gaskiya ce ai."

"Ban ce ƙarya ba ce."

Bayan la'asar motar su Lintang ta tsaya a ƙofar gida. Mijin Lintang ya gaishe su, ya koma yana fama da kaya a bayan mota. Lintang ta shigo da Gendis a kafaɗa, ta sumbaci hannun iyayenta, ta miƙa jaririyar ga uwarta, ta zube a kan kujerar baranda ko takalmi ba ta cire ba. Pak Harjito ya daɗe bai dube ta da kyau ba, don tun da aka haifi Gendis idonsa a kan Gendis yake. Yanzu ya duba. Ƙasan idanunta ya yi baƙi, ɗankwalinta ya karkace, ga shatin nono ya bushe a gaban rigarta. Ta rame.

"Ya Kudus?" in ji Bu Sumirah.

"Kudus na nan." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Gwaggonninsa sun ce yarinyar ba ta da nauyi. Wata ta ce nonona ne bai isa ba, wata ta ce riƙon ne ban iya ba. Kakarsa ta karɓe ta daga hannuna ta sake naɗe ta a gabana. Kwana biyu ban runtsa ba." Ta murza ido da bayan hannu. "Bu, wani lokacin sai in ga kamar duk abin da aka damƙa mini lalata shi nake yi."

"Rabu da su. Su nasu 'ya'yan da ƙiba aka haife su?"

Pak Harjito yana tsaye da jawabinsa a baki. Sai a lokacin lissafin da kowa zai yi tun a asibiti ya zo masa: wata ukun da likita ta faɗa, watannin Gendis ne a duniya. Ya hango 'yarsa da jaririya tana tsala kuka a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana murƙushe ayaba da cokali, don garin abincin ya ƙare kuma ba ta da ƙarfin zuwa nemansa. Tausayinta ya kama shi har ya ji kunyar hanyar da ya yi yana ɗaga yatsa.

"Ina Jahe?" ta tambaya.

Ya shiga ya ɗauko robar, ya buɗe a gabanta. Lintang ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kusa da dungulmin da ya rage a mazaunin wutsiya, ba ta taɓa ba.

"Pak."

"Na shanya ta, Nduk. Na ga kamar tana jin sanyi. Na tafi wajen Kasmuri na manta da ita. Wutsiyar ma ni na cire, garin ɗaukowa."

"Na ce kar a fito da ita."

"Kin ce."

"Na ce kar ka ƙara komai naka."

"Shi ma kin ce."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ka kai ta asibiti? Me likita ta ce?"

Bu Sumirah ta daina jijjiga jaririya, ta dube shi ta saman tabarau. Ga jawabi a shirye, ga haɓa mai laushi a tafin hannunsa, taɓawa ɗaya ta isa.

"Ta ce zafi ne ya buge ta," ya ce. "Jikinta duk ya saki, sai an yi jinya, magani kullum. Ki bar ta a nan. Ni na ɓata, ni zan yi wahalar. Ke kin ga abin da ke hannunki."

Lintang ta rufe fuska da tafukanta, ta sauke numfashi. Da ta buɗe, muryarta a gajiye take, ba fushi a ciki.

"Pak, ina sonka, ka sani. Amma Gendis gidan reno za ta je. Ba zan iya zama a ofis ina tunanin me ka ƙara ba."

Maganar ta soke shi a inda ya san za ta soke shi. Ya tuna fenti, ya tuna mutanen sahun gaba da abin da zai ce musu gobe da asuba. Ya gyaɗa kai.

"To, Nduk. 'Yarki ce."

Ta miƙe ta karɓi jaririyar, ta gyara mata hula. A bakin ƙofa ta tsaya, ta waiwayo ga robar.

"Jahe ta zauna, amma ba na yarda da kai ba ne. Duk Asabar zan zo in duba ta da idona, har ta warke. In na tarar da ita kusa da bencin nan, ko a inuwa ne, ni da kai ne."

"Duk Asabar," ya ce. "Ita Gendis fa?"

"Da wa zan bar ta? Gidan reno ba sa buɗewa Asabar."

Motar ta tafi. Pak Harjito ya sauko da kurciyoyinsa, ya rufe kejinsu da ƙyalle, ya mayar da akwatin gilashin ɗakin baƙi, ya cire rassan kamar yadda aka ce. Ya zaro maganin daga aljihun da ya ɓoye shi, ya zauna a bakin gado, ya ja ruwan cikin sirinji daidai layin da likita ta nuna, bai ƙara ko ɗigo ba. Bu Sumirah ta jingina da ƙofa tana kallonsa.

"Wata nawa likitar ta ce?"

"Biyu, in an kula."

"Uhm," in ji ta, ta koma kicin.

Ya ɗora Jahe a tafin hannunsa, ya ɗiga maganin a gefen bakinta, ya jira. Can harshen ya fito ya lashe. Ya sunkuya kusa da ita, ya rage murya don kar a ji daga kicin.

"Ki warke, kin ji. Amma ba gaggawa ake yi ba."